Na Gan Ka a Idon Badi'a

Zuwa ga sanyin idanuna, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, Yaya Zailani.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da mutanen gida, da fama da aiki. Ni ma lafiya lau, in ban da zuciyata da tun ranar Laraba take tafasa kamar kunun da aka manta a kan murhu. Bakina ba zai iya gaya maka ba. Ka san ni da kunya in ina gabanka. Shi ya sa na ba ƙanwarka Mansura wannan takarda, na kuma sa ta rantse ba za ta leƙa ba.

Ka tuna bikin nan na Kabo bayan ƙaramar Sallah? Ka same ni a bakin zaure rana ta yi sanyi, ka ce hasken la'asar ya zauna a fuskata kamar an auna, in tsaya haka kada in motsa. Kana ɗaga kyamara na ja mayafi na rufe fuska. Ka yi dariya, ka dai ɗauka. Da hoton ya fito babu komai a ciki sai yatsuna da lalle da gefen mayafi. Ka ce a haka ma kana sonsa, ni kuwa na yi ta juya maganar nan a raina kamar alewa a baki.

To, ranar Laraba Umma ta aike ni Gwarzo karɓo ɗinki, ƙafata ta bi da ni ta gaban shagonka. Ba ka nan, amma ƙofa a buɗe take. Cikin hotunan da ke bango na ga tsohon nan na Kutama da tsagar fuskarsa, na ga dattijuwar Dugabau da ka ɗauka tana sheƙar gero. Waɗannan ban taɓa kishi da su ba, har alfahari nake idan aka ce hannunka ne. Sai idona ya faɗa tsakiyar bangon. Badi'a 'yar ajinmu, hotonta ya fi kowanne girma, baƙin ƙyalle a bayanta, haske ya kwanta mata a kumatu kamar wata a kan ruwan tafki. Ko tabon goshinta ba ka goge ba, ka bar shi, ya kuma yi mata kyau.

Mansura ta taɓa gaya min yadda kake aiki. Wai ba ka danna kyamara sai ka daɗe kana kallon mutum, kana jan sa da hira har ya saki jiki. To wace hira ka yi mata, ya muradin raina? Me ka faɗa har ta yi wannan murmushin? Mu dai a aji ba ta taɓa yi mana irinsa ba.

Na matsa kusa har numfashina ya taɓa gilashin, sai na gan ka a cikin ƙwayar idonta. Ɗan mitsitsi, a tsaye, da farar rigarka, taga a bayanka. Wayyo ni! Kai da nake ɓoyewa can ƙasan zuciya, wanda ko sunanka ba na iya furtawa da ƙarfi, ga ka nan zaune daram a idon wata, a rataye a bango, duk mai wucewa kasuwa ya gani. Na koma gida babu ɗinki babu dalili, Umma ta yi ta faɗa. A littattafan da nake karantawa, in haka ta faru yarinya daina cin abinci take. Na gwada, sai aka yi rashin sa'a dambu aka yi ranar.

Na san za ka ce sana'a ce. Da farko na rubuta ka sauke hoton, sai na soke, don ko ka sauke shi ba zai fita daga idona ba. Ga abin da na yanke. Ranar Juma'a bayan la'asar zan zo gidanku wajen Mansura, ka taho da kyamarar. Hannuna zai so ya ja mayafi, na riga na ce wa Mansura ta riƙe min shi. Idona zai faɗi ƙasa, ka yi haƙuri, ka jira ni kamar yadda ka jira Badi'a, har ma fiye. In na ɗago, ka ɗauka. Amma wannan ba na bango ba ne, guda ɗaya za ka wanke, naka kai kaɗai.

In kuwa na zo aka ce ka fita, ba sai ka aiko da bayani ba, na ji amsata.

Taka har ƙarshen numfashi, wadda ba za ta ɗaga ido ta kalli kowa ba sai kai,

Khairiyya,
Getso.