Kilishina da Damshin Duwala

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya ƙafar Inna? Ina fatan kowa lafiya.

Albishirinka! Tun da aka zaftare albashin ma'aikata ciniki ya mutu a unguwarmu ta New Bell, ga kilishina kullum sai ya yi fumfuna. Abokan aikina, Bello da Musa, suka ce, "Garba, ranar Duwala ba ta busar da nama, mu shanya bisa garwashi." Na ce ba su isa su koya mini sana'ar gidanmu ba. Sai da na zubar da naman cinyar bijimi guda na sauke girman kai, na bi shawararsu.

Yaya, yanzu har daga unguwar Bonaberi, can tsallaken kogi, ake zuwa saye!

A gaida Inna, ta sa mu a addu'a. Amma kada ta ji an koya wa ɗan Sarkin Fawa shanya nama.

Ƙaninka,
Garba