Man Daddoyata Ba Algus Ba Ne

Zuwa ga Shugabar Ƙungiyar Mata Masu Sabulu da Man Ƙamshi ta shiyyar Ikara, Makarfi da Kudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranki ya daɗe, ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara, da fatan ɗawainiyar jama'a tana zuwa da sauƙi. Allah Ya taya ki riƙo.

Na zaɓi in rubuto miki a fili ne domin a fili aka zubar mini da mutunci. Ga masu karatun da ba su san ni ba, ni tsohuwar malamar kimiyyar noma ce. Na koyar har na yi ritaya, maigidana ya rasu, kuma ina zaune a gidana a Janfalan ni kaɗai, bisa son raina. Tun da na ajiye alli nake noman daddoya ina tatsar manta. Ana cika tukunya da ganye da ruwa a ɗora a wuta, tururi ya bi ta bututun da ke kwance cikin ruwan sanyi, man ya taso a saman ruwa, a kwashe shi kaɗan-kaɗan. Shi nake kai wa ƙungiyarku, mata suna zubawa a sabulu da man shafawa. Da shi nake ci, da shi nake sayen magani, ban taɓa miƙa wa ɗa ko suruki hannu ba.

A taron kaka da aka yi a Makarfi, sakatariyarki ta ɗaga kwalabe biyu na maina, ta bara da ta bana. Aka zagaya da su ana shinshinawa. Ta ce ƙamshin bai zo ɗaya ba, saboda haka an yi wa na bana algus. Ke kuma daga kan kujerarki kika ce a dakatar da karɓar kayana. Ina zaune a sahun gaba, inda kuke ajiye dattawa, amma ba wadda ta juyo ta tambaye ni. Tun da ba a ba ni dama a can ba, ga jawabina a nan.

Na ɗaya. Ban musa ba, ƙamshin ya bambanta, kuma dole ne ya bambanta. Bara a gonar tudu da na gada a Dandamisa na shuka. Ruwa ya ɗauke da wuri, ganyen ya fito ƙanana masu kauri, man ya zo da zafi kamar kanumfari. Bana gwiwa ta hana ni wannan zirga-zirgar, sai na shuka a fadamar da ke bayan gidana. Ruwa ya yi yawa, na yanke ganyen tun bai yi fure ba don kada gonar ta nutse da shi. Man ya fito da sanyin ƙamshi, da ɗan warin ɗanyen ganye a ƙarshensa. Ƙasa daban, damina daban, lokacin yanka daban. Ke mutuniyar Kudan ce, cikin rake kika tashi. Kin san mazarƙwailar farkon matsa da ta ƙarshe ba ɗanɗanonsu ɗaya ba, ba launinsu ɗaya ba, kuma ban taɓa jin an kira mai matse rake mazambaci a kan haka ba.

Na biyu. Kwalbar bara da aka auna ni da ita ta shekara a kan tagar ofishinku tana shan rana, kowa ya shigo ya buɗe ya shinshina. Ko ni da na tatsi man cikinta, da ƙyar na gane shi.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan taron da 'yan kwanaki, sakatariyar nan ta zo gidana wai gaisuwa. Na shimfiɗa mata darduma, na kawo mata ruwa. Bayan ta kira ni Mama ta yi ta ba ni haƙuri, sai ta rage murya ta ba ni shawara. Wai akwai wani turaren kanti da ake sayowa daga Kano, in riƙa ɗiga kaɗan a kowace kwalba, ƙamshin zai tsaya wuri ɗaya bana da baɗi, sai a mayar da ni cikin masu kawo kaya. Wai ai ba ni kaɗai ba ce, haka ake yi, masu saye ba sa son canji. Ta faɗi haka da kyakkyawar niyya, ban ga alamar ta ji nauyin abin da take faɗi ba. Ranki ya daɗe, ki duba wannan lamari da kyau. An kore ni saboda algus ɗin da ban yi ba, an kuma ce hanyar dawowata ita ce in yi shi. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Amma duk wadda manta bai taɓa canja ƙamshi ba, rani da damina, shekara da shekaru, ita ya kamata a tambaya me take zubawa. Kuma ki tuna cewa da wannan sabulun ake yi wa jarirai wanka.

Na huɗu. Maganar ta riga ni isa gida. Matan da ke aiko yara da kwalabe sun daina. A gidan suna wata yarinya da na girmi uwarta ta tambaye ni, tana dariya, ko zan koya mata haɗin. Turmin atamfar da kuka aiko mini wai na lallashi kuwa, na mayar da shi a ƙullinsa, ina fatan ya iso. Labari ya kai wa babban ɗana a Kaduna. Ya zo da mota ya ce in haɗa kaya, ya gyara mini ɗaki a gidansa, sana'ar ta ishe ni haka. Yaron kirki ne, ɗakin ma na san mai kyau ne. Amma ban yi karatu na karantar da 'ya'yan mutane don in ƙare a zaune ina jiran a zubo mini abinci ba. Na roƙe shi ya ba ni zuwa faɗuwar ruwa. Shekara da shekaru hujjata a gabansa ita ce ina riƙe da kaina. Yanzu kun karɓe wannan hujjar.

Saboda haka ga abin da nake nema. A rufe kwalbar bana a gaban shaidu, a kai ta ɗakin gwaje-gwaje a Zariya, ni zan ɗauki nauyin gwajin. In an sami ko ɗigon wani abu da ba na daddoya ba, ki karanta sunana a gaban mata, ba zan ɗaga kai ba. In ba a samu ba, ki wanke ni da bakinki, a zauren nan na Makarfi, a gaban waɗanda suka ji tuhumar. Saƙon waya ko aike bai wadatar ba. Sannan a daina auna mai da hancin bara. A rubuta gona da lokacin yanka a jikin kowace kwalba, a koya wa masu saye cewa abin da ƙasa ta bayar yakan canja.

Irin daddoyar baɗi, daga 'yan tsiron da na bari suka yi fure, yana nan na shanya na ƙulle. Ko in yafa shi a fadamata, ko in bar wa maƙwabta in shiga motar ɗana, amsarki ce za ta raba, kuma damina ba za ta jira kwamiti ba.

Allah Ya ba ki lafiya da nisan kwana har ki kai shekaruna. Ya sa duk ranar da za a yi maganarki a taro, a juyo a tambaye ki kafin a yanke hukunci.

Wassalam.

Malama Saude,
Janfalan, Ikara.