Tagar Ɗakin Jego

Tasawa, 4 ga Janairu

Zuwa ga ƴata Zulaihatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya ke da angona Hama. Na ga hotonsa. Hancin nan na gidan su mijinki Nasiru ne, ba ruwanmu, amma haka zan aure shi. Tunda kunnena ya yi nauyi, kiran waya ba ya yi mini rana, sai ki yi haƙuri da rubutun yaƙi da jahilci. Maƙwabciyata za ta ɗauke shi hoto ta tura miki.

Abin da ke cin raina shi ne kin haihu a Sabha, inda ba ki da kowa sai miji, kuma a tsakiyar sanyi. Da a gida ne, da yanzu ina tsaye kan tukunya. Na tuna jegona na fari. Innarmu ta tafasa ruwa da ganyen runhu tana fyaɗa mini ina ihu, tana cewa ihun me, ai ba a kanki aka fara ba. Sai kunun kanwa, sai farfesun ƙauri da yaji har hanci ya yi ruwa. Baba kuwa ya bar mini sabon ɗakinsa na siminti mai ƙofar ƙarfe, irinsa na farko a unguwarmu, aka sa mini kaskon garwashi ƙarƙashin gado. Ban sake ganin gata irin na kwanakin nan ba.

Amma kin san ƙarshen labarin. Rana ta goma sha biyu sanyi ya shigi yayanki, ya tafi cikin barci, duk da tsumman da muka cusa a taga. Shi ya sa nake ja miki kunne: ki toshe kowace kafa, ki sa garwashi ƙarƙashin gado, ki ja ƙofa. Kada ki ce mini ƙasar Larabawa ce, sanyi ba ya tambayar fasfo.

Ki gaida maigidan. Allah ya raya.

Innarki, Rahamatu

*

Unguwar Hajara, Sabha, 9 ga Janairu

Inna ta kaina,

Na durƙusa ina gaisuwa. Angonki yana amsawa, ya ce hancin nasa ba na sayarwa ba ne.

Inna, sanyin nan ba irin na Tasawa ba ne. Ruwan da na bari a bokiti a tsakar gida, da safe na tarar ya yi ɓawon ƙanƙara. Muna da abin ɗumama ɗaki na lantarki, daffaya suke ce masa, amma kuran, wato wutar lantarkin, ya fi ɗaukewa da zama.

Ba na rasa mutum ba gaba ɗaya. Mai gidan da muke haya, Hajja Zohra, tsohuwa ce, ta ce kakarta Bahausa ce. Abin da ya rage mata na Hausa "sannu" ne da "tuwo" da "ina gajiya", kuma duk a lokaci ɗaya take jero su. Kullum da hantsi takan kawo mini asida, wani tuwon fulawa nasu, da zumar dabino. Ranar da ta ga wankana ta riƙe baki ta ce, "Binti, dafa kanki za ki yi?" Da ta ga kaskon kuwa faɗa ta yi ta yi da Larabci, ban gane rabi ba. Na ce mata al'adarmu ce.

Na yi yadda kika ce. Na toshe taga da tsohon buhu. Ɗakin ya yi ɗumi sosai, kaina yana ɗan sarawa, sai barci mai daɗi. Ina rufe ido nake ganin tsakar gidanmu, ke kina tankaɗe ƙarƙashin tsamiya, awaki suna yi miki ɓarna. Ina kewarki, Inna, har cikin ƙashina.

Taki, Zulaihatu

*

Sabha, 13 ga Janairu

Zuwa ga Inna, cikin girmamawa,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ban taɓa rubuto miki ba saboda kunya, yau dole ta sa. Zan fara da cewa su biyun suna raye, alhamdu lillahi.

Shekaranjiya na fita tun safe zuwa Jadid, wurin da muke tsayawa neman aikin gini. Zulaihatu ta gama wanka ta kwanta da yaron, kasko ƙarƙashin gado, ƙofa a rufe. Da hantsi Hajja Zohra ta kawo abinci, ta buga ba a amsa ba, yaro ma bai yi kuka ba. Ta banke ƙofar ta jawo su waje ita kaɗai, tsohuwar da ke tafiya da sanda. A asibiti aka sa musu iska, sai la'asar Zulaihatu ta gane ni.

Likita ya ce gawayi yana fitar da wata iska marar wari marar hayaƙi. A ɗakin siminti da aka toshe ba ta da hanyar fita. Sai mutum ya ji ciwon kai, barci ya ɗauke shi, kuma jariri take fara kamawa. Ya ce duk shekara suna ganin haka, mutane suna ɗora wa sanyi.

Yanzu Hajja Zohra ta mayar da su ɗakinta. Ta ba da barguna biyu na ulu, ta sa wa yaron hula da safa, tana kwantar da shi a ƙirjin uwarsa. In kuran ya ɗauke, gorar ruwan zafi take naɗewa da zane ta ɗumama shimfiɗa. Gawayi a tsakar gida kawai.

Zulaihatu ta roƙe ni kada in gaya miki. Na kasa.

Ɗanki, Nasiru

*

Unguwar Hajara, 22 ga Janairu

Inna,

Ina gaisuwa. Kwana tara ba takardarki. Maƙwabciyarki ta ce lafiyarki lau, sai dai kin sa an buɗe tsohon ɗakin kakana mai ƙofar ƙarfe, kina wuni a ciki ke kaɗai. Idan fushi kike da Nasiru, ki yafe masa. Ni ba na riƙe ki da komai, ƙauna ce ta sa kika faɗa. Angonki ya yi kumatu. Don Allah ki ce wani abu.

Taki, Zulaihatu

*

Tasawa, 24 ga Janairu

Zulaihatu,

Ina amsawa. Ba fushi nake ba. Takardar Nasiru na karanta har na haddace.

Safiyar nan da yayanki ya tafi, da ciwon kai na tashi, Innarmu sai da ta yayyafa mini ruwa. Ni na cusa tsumman a taga da hannuna, don kada iska ta taɓa shi. Shekara talatin da ɗaya ina zagin sanyi.

Kunyar ɗan fari ta hana ni faɗin sunansa ko sau ɗaya. Maliki ne sunansa.

Ki durƙusa wa Hajja Zohra a madadina, ki ce mata sannu, tunda ta iya wannan. Ki lulluɓe mini angona da kyau.

Ki bar tagar a buɗe.

Innarki