Kurmin da Baba Ya Yi Gadi

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Mu nan kowa ƙalau, sai Baba da ba ya jin daɗi, dalilin rubuto maka ke nan.

Ka san kurmin bayan filin harbi na bariki, wanda Baba ya shekara talatin yana gadi har sojoji suka laƙaba masa Sarkin Daji. Saboda wayar da aka kewaye shi da ita ba mai shiga farauta ko saran itace, shi ya sa gada da zomaye suka samu mafaka, gauraki kuma suke ƙwai a bakin tafki. To, watan jiya aka ba da umarni a share wurin a yi garejin manyan motoci. Baba ya sa tsohon kakinsa, wanda yanzu ya yi masa yawa, ya zauna a bencin ofishin kwamanda tun safe har yamma. Da aka shigar da shi, ya ce bai zo roƙon komai don kansa ba, a dai bari tsuntsayen su ƙyanƙyashe. Kwamandan ya saurare shi da mutunci, ya ce umarni daga sama yake, amma zai bar tafkin da itatuwan gefensa. Iyakar abin da aka samu ke nan.

Abin da ya fi ƙona min rai, Yaya, maigidana aka ba tuƙin katafilar share wurin. Ya ce min da ana iya ƙi da ya ƙi. Kwana uku yana ture itatuwa, Baba na tsaye a bakin waya yana kallo. Ran ƙarshe maigidana ya dawo da ɗan gada a naɗe cikin rigarsa, uwar ta tsere. Baba ya yi ta ɗura masa madara da cokali, amma ɗan gadan bai kwana biyu ba ya mutu. Tun ranar Baba ba ya cin abinci sai Inna ta matsa masa, maigidana kuma daga bakin ƙofa yake gaishe shi, ya kasa haɗa ido da shi.

Jiya dai Baba da kansa ya ce maigidana ya kai shi tafkin a babur. Sun tarar da gauraka huɗu. Maigidana ya ce har suka dawo Baba na riƙe da kafaɗarsa duk hanya.

Ka daure ka kira shi, muryarka yake so ya ji. Gai da Anti, da Kawu, da takwarata.

Taka ƙanwa,
Auta