Kocinmu Yayan Matata Ne, Gwiwoyina Kuwa Sun Ƙi Tsarinsa

Anti, ki taimake ni kafin gwiwoyina su kai ni ƙara.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina buga wa ƙungiyarmu ƙwallon kwando, da ita nake ci da iyalina. Ni ne dogon da ke tsayawa gindin kwando: a miƙo mini, in juya, in zura. Bana sai aka kawo sabon koci da tsarinsa na gudu. Kowa ya ruga, kowa ya harba daga nesa, kada ƙwallo ta ɗumama a hannun mutum. Anti, huɗu daga cikin biyar ɗin da ke fara wasa dogaye ne masu nauyi irina. Kafin in isa wancan kwandon abokan karawa sun ƙwace sun juyo, sai dai mu gaisa a tsakiyar fili. Wasa shida, mun sha kashi a biyar. Ran Asabar na gwada harbin nesan, ƙwallon ta sauka a cinyar mai ɗaukar hoto.

Ga inda gizo ke saƙar: kocin nan yayan matata ne, shi ya ba ni aurenta. In na yi ƙorafi a gida, sai ta ce Yaya bai taɓa kuskure ba tun suna yara. In ya zo cin abinci kuwa, ya dinga jera kofuna a tebur yana nuna mini inda zan tsaya, kullum ni ne butar shayi. Abokan wasa sun ce ni zan faɗa masa, tunda surukina ne. Kwantiragina saura wata huɗu. In yi shiru in tsufa a benci, ko in yi magana in rasa fili da zaman lafiyar gida?

Dogo Mai Haki

Ƙanena Dogo, na yi dariya, sannan na tausaya maka.

Kana da gaskiya. Tela ba ya rage mutum don ya shiga riga, kuma koci nagari da 'yan wasan da ke hannunsa yake auna tsarinsa. Amma shi ma ba da ka yake yi ba, wasan ne ya sauya. Kai kuma harbi ɗaya ka ba ni labari, ban ji sau nawa ka tsaya bayan atisaye kana koyo ba.

Ka fitar da matarka daga wannan magana, kada kuma ka tayar da zancen a kan abinci. Same shi a ofis, ka kira shi Koci, ba Yaya ba. Kada ka je da kuka, je da shawara: kai ka riƙa cafke ƙwallon da ta ƙi shiga, ka wurga wa mai saurin cikinku ya yi gudun. In hanya ta toshe, a jira ka iso a ba ka a gindin kwando. Roƙe shi ya gwada a wasa biyu kawai.

Wanda ya sha kashi sau biyar ya fi ka neman mafita. Nauyin tambayar mijin ƙanwarsa kawai yake ji, sai ka sauƙaƙa masa.

Allah ya ba ku nasara, ya bar zumunci.