Ƙarar da Todora Ta Kai Kan Murgo

Prilep, 2 ga Satumba

Maƙwabci Naum,

Bayan gaisuwa da fatan gwiwarka ta yi sauƙi. Kada ka yi mamakin ganin takarda ta gidan waya daga gidan da katanga ɗaya ta raba da naka. Ni dai ba zan tsaya ina ɗaga murya kamar mai tallan kifi ba.

Karenka Murgo ya sake tone mini kunyar tattasai, karo na huɗu ke nan. Shekara talatin duk unguwar nan ba wadda tattasanta ya kama ƙafar nawa, har daga Bitola ake zuwa roƙon iri, ga shi bana ban san da me zan cika kwalaben da nake adana tattasai a ciki don hunturu ba. Sau uku ina yi maka magana kana kunnen uwar shegu. Ciyawar gidanka kuma ta kai ƙugu, irinta yana tsallakowa wurina. Da matarka Vaska tana raye da ba a ga haka ba, Allah ya ji ƙanta.

Tura ta kai bango. Na buga ƙusoshi a ƙaramar ƙofar da ke tsakanin gidajenmu, na kuma kai ƙara hukumar gari. Sun ce tunda ba shi da rajista, ranar Juma'a ta sama za su zo su tafi da shi.

Ka huta lafiya,
Todora

Prilep, 5 ga Satumba

Zuwa ga Uwargida Todora,

Gaisuwa da girmamawa. Takardarki ta iso, na karanta ta sau ɗaya, ya isa.

Shekara arba'in na yi ina shugabantar tashar jirgin ƙasa ban roƙi kowa ba, kuma ba zan fara a kan tattasai ba. Sai dai akwai abin da ya kamata ki sani. Ƙofar nan iyayenmu ne suka huda ta. Ko shekarar da suka daina gaisawa saboda iyaka, ba wanda ya kai mata guduma. Ta nan ake miƙa wuta da gishiri, ta nan na shiga na ɗauki mijinki Pande ranar da ya faɗi a lambu. Ke ce ta farko da ta rufe ta, sai ki riƙe wannan lambar yabo.

Game da rajista, na je ofishin tun watan Afrilu. Takardar tana neman sunan mai kare. Murgo na Vaska ne, hannuna ya ƙi rubuta sunana, na ajiye musu alƙalaminsu na fito.

Ki kuma duba inda yake tonon. Wuri ɗaya ne kullum, inda bencinku yake a da, inda kuke shan gahawa ke da Vaska kowace safiya yana kwance a ƙafarta.

Ranar Juma'a zan ɗaure shi a gindin inabi in tafi wurin ƙanena a ƙauye. Ba zan tsaya in ga ana jan sa ba. Ciyawata kuwa tawa ce.

Naki cikin mutunci,
Naum

Prilep, 8 ga Satumba

Maƙwabci Naum,

Ina gaisuwa. Na duba, nan ne. Ni na ɗauke bencin bayan jana'iza don na kasa kallonsa, kada ka ɗauka kai kaɗai ka yi rashi. Na yi kuka da na gane, ba kuma zan ɓoye ba.

Amma ƙara ba zan janye ba. Magana zarar bunu ce. Ba zan koma gaban yaran ofishin nan in ce tsohuwa ta yi kuskure ba.

Todora

Prilep, 12 ga Satumba

Maƙwabci Naum,

Barka da dawowa, in ka dawo. Za ka tarar da igiya a gindin inabi babu kare. Kafin ka zauna ka yi ta zuciya, karanta.

Da safe na zare ƙusoshin, har na fasa farce. Na shiga na kwance Murgo, ya biyo ni ba gardama. Ma'aikata biyu na hukumar gari suka zo da motarsu, suka buga ƙofarka shiru, suka zo tawa suka same shi kwance a tsakiyar tattasai. Babban ya ciro igiya. Na ce masa ya mayar da ita aljihu, wannan karena ne.

Ya ce, “To Inna, ba ke kika kawo ƙara ba?”

Na ce, “Ƙarar karen maƙwabci na kawo. Je ka leƙa gidan maƙwabcin, in ka ga kare ka kama.”

Ya dube ni, ya dubi abokinsa, ya ce a aikinsa bai taɓa gamuwa da irina ba. Na ce ba zai ƙara ba kuma. Nan take ya cike takarda da sunana. Ka ga ban janye komai ba.

Kada kuma ka ce ƙarya na yi. Ana saura kwana biyu Vaska ta rasu, ka fita kiran likita, ta kama hannuna ta ce, “Todora, ki kula mini da su biyun.” Ban faɗa maka ba don na san halinka, girman kai rawanin tsiya. Ɗaya dai ya shigo hannu.

Ka huta lafiya,
Todora

Prilep, 13 ga Satumba

Uwargida Todora,

Gaisuwa. Tunda karenki ne a hukumance, ramukan ma naki ne, kada in sake jin ƙorafi. Na sare ciyawa yau, don ta ishe ni ne, ba don maganarki ba.

Abu ɗaya ya kamata mai kare ta sani. Murgo ba ya cin abinci shi kaɗai, sai an zauna kusa da shi. Ƙarfe bakwai yake ci. Zan zo da kujerata in nuna miki yadda ake yi. Ni ma tun da Vaska ta tafi a tsaye nake ci.

Maƙwabcinki,
Naum