Wasan Alhamis da Delbert

Negaunee, Michigan
Nuwamba

Zuwa ga Delbert Gauthier,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da 'yarka Noreen da mijinta, ko da yake ba ka cancanci gaisuwar ba. Ni ƙalau nake, in ban da gwiwa da kunnen nan da ramin haƙar ƙarfe ya cinye. Kada ka sake kirana a waya. Ba na jin komai sai ƙugi, ina ta "Eh? Eh?" kamar sakarai. In kana da magana ka rubuto. Ni da na bar makaranta a aji huɗu ma ga shi ina rubutawa.

Kwalin da kuka aiko ya iso. Na buɗe na ga sabuwar na'urar wasan talabijin ce, na mayar na rufe. Yana bayan ƙofa, a kansa nake ajiye takalman ƙanƙara. Wai in sa a jawo mini intanet mu riƙa buga golf ɗinmu, ina nan kana can. Wane irin wasa ne wannan, mutum ba ya ganin fuskar wanda ya lallasa?

Bari in tuna maka, tunda ranar Arizona ta fara dafa maka ƙwaƙwalwa. Tun shekarar da aka sallame mu daga rami, duk Alhamis kana ɗakin ƙasa na gidana. Kujera ɗaya, talabijin ɗaya, rimot biyu. Matata Helmi ta ɗora kofi, ta gasa mana burodin nama da dankali, ta tsaya a kan matakala ta ce, "Ku dube su, mahaƙa an zama manajoji." Gaskiyarta, ni da kai ba mu taɓa taka filin golf na gaske ba. Bayan mun binne ta ma, Alhamis ɗin da ta biyo ka zo, ka haɗa kofin da kanka, mai ɗan karen ɗaci, na daure na shanye.

Sannan ka tafi. Muna tsakiyar gasa, ina gaba, saura ramuka biyu, ka ajiye rimot ka ce, "Arvo, Noreen ta ce in koma wajenta kafin sanyi." Kamar mai faɗin kuɗin fetur. Daga baya na ji har mai aski ya riga ni sani.

Yanzu ni kaɗai nake bugawa, ni da na'ura, kuma ya fi mini. Na'ura ba ta yin tari daidai lokacin da zan buga. In na ga dama in tsayar da wasan, in je in ƙara itace a murhu, in dawo in tarar da ɗan mutumina tsaye da sandarsa yana jirana. Shi ba ya ƙaura zuwa Arizona.

Gasarmu tana nan a tsohuwar na'ura yadda ka bar ta.

Ka gaida Noreen. Ita ba ta yi mini laifi ba, ubanta take so.

Naka,
Arvo Kinnunen


Mesa, Arizona
Disamba

Arvo, tsohon jaki,

Ina gaishe ka, ina gaida gwiwa, ina gaida kunne. Na karanta wasiƙarka na yi dariya har haƙoran roba suka nemi faɗowa cikin miya.

Ban faɗa maka da wuri ba don na san halinka. Da tun bazara ka daina kula ni, in yi asarar Alhamis ɗin da suka rage mana.

Nan babu komai sai rana da duwatsu da tsofaffi masu gajeren wando. Ban san kowa ba. Noreen da mijinta su fita aiki tun safe, daga ni sai talabijin. Shi ya sa na shiga na intanet. Jiya na buga da wani direban babbar mota ɗan Texas, da wata tsohuwa 'yar Kanada mai ashar kamar a rami aka haife ta. Mutane ne, Arvo. Suna numfashi, suna ƙarya, suna cewa iska ce ta kwashe musu ƙwallo. In ka ci na'urarka wa ke jin haushi? Wa za ka yi wa gori?

Amma duk cikinsu babu mai ɓata fuska irin taka, ko ban gani ba ina iya hango ta. Sauke takalma daga kan kwalin nan. Noreen ta rubuta maka sunana na cikin wasan a bayan takardar nan. Alhamis bayan abincin rana, da agogonku.

Kuma ba kai ke gaba ba, maƙaryaci. Kunnen doki muke.

Abokinka har gobe,
Del


Negaunee
Maris

Delbert,

Bayan gaisuwa. Ina fata kana lafiya, don ni ban san halin da kake ciki ba, tun Janairu ban ga rubutunka ba.

Da farko, kada ka ɗauka maganarka na ji har na sa aka jawo intanet ɗin nan. Ƙanƙara ce ta rufe hanya, na gaji da kallon bango. Kuma ban taɓa gaya maka abin da mutanen naka masu numfashi suka yi mini ba. Ranar farko na danna wani wuri na faɗa wasa da baƙin mutane. Na ƙure ƙarar abin kunne don in ji, sai wata murya ta ce, "Kaka, ka mutu ne? Buga mana, muna da wajen zuwa!" Sauran suka kwashe da dariya. Na ce, "Ubanka ne ya mutu." Na cire abin na jefa cikin gwangwanin ƙusoshi, can yake har yau. Shi ya sa ba ka taɓa jin muryata ba, in ma ka damu.

Ga kuma agogon nan da ke gefen talabijin yana ƙirga wa mutum lokaci kamar shugaban aiki a bakin rami. Ba a tsayar da wasan. Rannan na zaga bayi, kafin in dawo sun kore ni.

Duk na haƙura, don makonnin farko kai ne. Ka yi ta jujjuya sanda har agogo ya yi ja, sannan ka tsunduma ƙwallo cikin tafki kamar kullum. Ina zaune ni kaɗai ina dariya har da tari.

Sai ka ɓace Alhamis biyu ba ko sallama. Na zauna ina kallon sunanka a dushe. Da ka dawo kuma, sai ka dawo wani mutum daban. Ƙwallo a miƙe, ba jinkiri, ba tafki. In an gama ka aiko mini da ɗan hoton hannu yana tafi. Kai? Yaushe ka taɓa tafa mini? Ranar aurena ma cewa ka yi Helmi ta yi asara.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na makon jiya. Ƙwallonka na bakin rami, ko makaho zai jefa, ka buga gefe. Da gangan. Na gani. Ni za a bar wa wasa kamar jariri? Ko dai wani kake biya yana koya maka, ko kuma tausayina kake ji. In na biyun ne, ka riƙe abinka.

Ka ba ni amsa a rubuce, da hannunka.

Arvo


Mesa
Maris

Zuwa ga Kawu Arvo,

Gaisuwa ta girmamawa, da fatan sanyi ya fara sauƙi a wajenku. Ni ce Noreen. Ka nemi amsa da hannun Baba, amma hannun ba ya iya riƙe alƙalami yanzu.

A farkon Fabrairu na dawo daga aiki na tarar da shi a ƙasa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ma sai an kasa kunne sosai. Alhamis biyun da ka ce ya ɓace, yana asibiti. Kalmar da ya fara haɗawa da kyau bayan mun dawo gida ita ce "Alhamis". Na ce zan rubuta maka, ya buga hannun hagu a kan kujera ya ce, "A'a. Zai ji tausayi. Ba na so."

Don haka ni nake riƙe rimot ɗin, Kawu. Na nemi a sauya mini ranar hutu a wajen aiki. Nakan zaunar da shi kusa da ni, ya riƙa nuna mini sandar da zan ɗauka da haɓarsa. In ka buga da kyau sai ya yi tsaki. In ƙwallonka ya faɗa yashi, rabin fuskarsa ya yi dariya. Duk mako ba ya dariya sai ranar.

Hoton tafin ni ce, na ɗauka ladabi ne. Bugun da aka bar maka ma ni ce. Baba ya yi fushi da ni har washegari. Da ya sauko kuma cewa ya yi, "Kin zage shi."

Na karanta masa wasiƙarka. Da na zo inda ka ce ya dawo wani mutum daban, ya rufe ido ya ce, "Jakin ya gane ni." Ban san ko murna yake ko kuka ba.

Ina roƙonka ka ci gaba da shigowa. Ba zan sake bar maka ko bugu ɗaya ba.

'Yarka,
Noreen


Negaunee
Afrilu

Noreen,

Na gaishe ki. Na samu takardarki.

Ashe wata guda ina zaune a ɗakin ƙasa ina zagin ubanki a talabijin, ina cewa "Ka ga wannan, ɗan banza?", alhali yarinyar da na goya a wuya zuwa kallon wasan wuta nake wa. Kun mai da ni abin dariya. Sau biyu ke nan yana yi mini haka. Mai aski ya riga ni sanin tafiyarsa, yanzu kuma ina jin har direban Texas ya san ya kwanta, ban da ni.

Ki tambaye shi wa ya ɗauko shi a kafaɗa ranar da dutse ya danne masa ƙafa. A ranar bai ce kada in ji tausayinsa ba.

Abin da nake faɗa tun farko ke nan. A kujerata ina ganin hannun da ke riƙe da rimot. A wannan naku na intanet suna kawai ake nuna wa mutum, ko kare ne a bayansa ba ka sani ba.

Ba da ke na yi alkawarin Alhamis ba. In shi zai buga, ki sa masa a hannun hagu ya buga, ko sau ɗari zai faɗa tafki. In ba haka ba, na cire wayar daga bango.

Allah ya ba shi lafiya. Wannan da zuciya ɗaya na faɗa.

Arvo Kinnunen


Mesa
Mayu

Kawu Arvo,

Ina gaisuwa. Na yi yadda ka ce. Na ɗora masa rimot a kan matashi, muka gwada da baƙi tukuna don ya saba kafin ya fuskance ka. Hannun hagun yana rawa, kafin ya saita sanda agogo ya ƙare. In ya ƙare sau uku sai wasan ya fitar da mutum. Na duba ko'ina, babu inda ake kashe agogon a na intanet. Ya gwada ya gwada, bai taɓa wuce ramin farko ba. Rana ta ƙarshe ya ture matashin ya ce, "Ba sa jira."

Duk da haka kowace Alhamis sai ya sa na kunna. Ya zauna yana kallon sunanka a dushe har barci ya ɗauke shi.

Makon jiya abin ya sake buge shi. Yanzu yana gidan jinya, ba ya cin abinci sosai. Likita ta ce in akwai wanda ya kamata a sanar, a sanar da shi. Wannan karon ban tambayi Baba ba, kuma kai ne na farko.

'Yarka,
Noreen


Negaunee
Mayu

Noreen, 'yata,

Gaisuwa. Na naɗe tsohuwar na'ura cikin bargon Helmi, da rimot biyu da wayoyinta. Ita ba ta da agogo. Ko yini zai yi yana saita sanda ɗaya, za ta jira.

Na je tashar bas. Sun ce kwana biyu ne da wani abu, da sauyin mota har sau uku. Ban taɓa wuce Wisconsin ba, gwiwar kuma ba ta san da zancen ba tukuna. Zan taso Litinin. Ki tambayi masu gidan jinyar ko talabijin ɗinsu yana da ramukan nan na baya da ake soka wayoyi, ja da fari da rawaya. In babu, ki nemo tsohon talabijin ko a ina ne.

Ban huce ba, kada ya ɗauka na huce. Ramuka biyu suka rage mana, su zan zo mu ƙarasa.

Ki sunkuya daidai kunnensa ki faɗa masa da ƙarfi: in ya kuskura ya mutu kafin in iso, ni na ci gasar, kuma har mai aski sai na gaya wa.

Kawunki,
Arvo